Motar asibitin ƙarfe uku na dare

Na yi shekaru ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, kuma har yau in na ji jiniyar motar asibiti da tsakar dare, ɗaki guda nake tunawa. Wani dattijo ne a ciki, ya haura casa'in, zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura, kwana huɗu rabonsa da abin kirki sai ɗan kurɓin ruwa. Duk wanda ya leƙa ɗakin ya san inda aka dosa. Mai shara ta sani. Mai girki ta sani, tunda kwanonsa yana komawa yadda aka kai shi. Ni ma na sani. Amma ba wanda ya furta, ba wanda ya rubuta.

Wajen ƙarfe uku numfashinsa ya sauya. Ya ja da ƙarfi, ya tsaya har ka ce ya tafi, sai kuma ya dawo. Na buɗe fayil ɗinsa ina neman layi guda da zai gaya mini abin da yake so a yi in wannan lokaci ya zo. Na tarar da nauyinsa na kowane wata, da irin sabulun da fatarsa ba ta so, da sau nawa ya zaga a mako. Layin da nake nema ne kawai babu. Sai na ɗauki waya.

Samarin da suka zo da motar mutanen kirki ne, sun bi ƙa'idarsu kamar yadda na bi tawa. Muna ɗora shi a gadon turawa ya kama wuyan hannuna ya ce, "'Yata, ina za ku kai ni?" Na ce, "Baba, asibiti ne, a duba ka a dawo da kai." Ina faɗa ina jin ƙaryar a bakina. Kafin azahar rai ya yi halinsa, a bayan wani labule a sashen gaggawa, cikin mutanen da ba su san sunan da yake amsawa ba. Tabaraunsa da haƙoransa na roba suna nan kan teburin ɗakinsa inda na manta da su. 'Yarsa kuwa tana kan hanya, ba ta riske shi ba.

Na daɗe ina juya wannan daren a raina, kuma matsayar da na cimma ba ta da daɗin ji. Sau da yawa motar nan tsoronmu take zuwa yi wa magani: tsoron ma'aikaciya kada a ce ta yi sakaci, tsoron shugaban gida kada hukuma ta zo bincike, tsoron 'ya'ya kada zuciyarsu ta tuhume su. Tsohon da aka kira motar dominsa shi ne ke biyan kuɗin wannan tsoro da sa'o'insa na ƙarshe. Gidan tsofaffi wuri ne da ake mutuwa a cikinsa. Kusan duk wanda ya shiga da akwatinsa, nan ne masaukinsa na ƙarshe. Gidan da ya ƙi amsa wannan gaskiya, ya ci gaba da nuna hotunan lambu da kujerun hutawa kamar otal, ya kasa a babban aikinsa.

Na san akwai mai karatun da tun daga layin farko yake cewa, me ma ya kai tsoho irin wannan gida tun asali? Ba zan yi musu da shi ba, ni ma na fi so kowa ya tsufa a gaban nasa. Sai dai tsofaffin suna can, kuma ƙaruwa suke yi. A Ingila da Wales kusan mutuwa ɗaya cikin biyar a irin waɗannan gidaje take faruwa, Amurka ma kusan haka ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya wuce shekara 65. Masu fama da cutar mantuwa sun haura miliyan 55. Na ga 'ya'yan da suka riƙe mahaifiyarsu shekara shida, suna juya ta, suna wanke ta, suna gadin ƙofa kada ta fice cikin dare, har lafiyarsu ta fara taɓuwa, sannan suka kawo ta suna kuka. Ba ni da bakin zarginsu. Wanda ya riga ya shiga gidan, haƙƙinsa na yin kyakkyawan ƙarshe bai faɗi ba don kawai ba mu so ya shiga.

Wahalar farko ita ce, mutuwar tsufa ba ta buga ƙofa yadda ciwon daji yake yi. Mai ciwon daji sau da yawa yana nan da ƙarfinsa, sai a 'yan watannin ƙarshe ya gangara, kowa ya gane. Tsohon da jikinsa ya lalace a hankali, ko mai cutar mantuwa, sauka yake yi matakala matakala. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi amma bai koma yadda yake ba. Ciwon huhu ya kama shi, ya warke, amma yanzu sai an ɗaga shi. Kowane faɗuwa kama take da wadda ta gabace ta, don haka iyali suna ta jiran ya sake tashi. Da yawa ma ba su san cutar mantuwa tana kisa ba, sun ɗauka ƙwaƙwalwa ce kawai ta tafi ta bar jiki lafiya.

A 2009 wata likita, Susan Mitchell, da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a gidajen tsofaffi 22 a yankin Boston na Amurka. Sun bi mutum 323 da cutar mantuwa ta ci ƙarfinsu tsawon wata 18. Fiye da rabinsu sun rasu a cikin wannan lokaci. Cikin waɗanda suka rasu, kusan kashi 40 cikin ɗari an ɗora musu wani abu mai wahalarwa a watanni ukun ƙarshe: kwanciya a asibiti, ko garzayawa sashen gaggawa, ko ƙarin ruwa da allurai ta jijiya, ko robar ciyarwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, inda dangi suka fahimci halin da ake ciki da abin da ke tafe, irin wannan wahalarwa ta ragu ƙwarai. Ashe bayani kawai ake bukata, wani ya zauna ya gaya musu gaskiya tun da sauran lokaci.

Maganar robar ciyarwa ita ce ta fi kowace zafi, domin abinci shi ne yaren da muka iya nuna ƙauna da shi. Uwa ta ciyar da kai kana jariri, yau ta kulle baki ta kawar da kai daga cokali, sai a ce ka zuba ido? Na sha jin, "Yunwa za ku bari ta kashe ta?" Amma jikin da ya kama hanyar tafiya ba ya jin yunwa irin tamu. Ciki ya rage aiki, haɗiya ta lalace, abin da aka tura da ƙarfi yana iya sauka a huhu. Ga mai cutar mantuwa da ta yi nisa, bincike bai nuna robar tana ƙara kwana ba, ba ta hana abinci shiga huhu, ba ta warkar da gyambon kwanciya. Abin da take jawowa shi ne tsohuwa ta riƙa fizgarta, sai a ɗaure mata hannu ko a ba ta maganin barci. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta ce ciyarwa da hannu a tsanake ta fi. Ciyarwa da hannu kuwa aiki ne na minti arba'in: ka ɗaga ta zaune, ka ba ta rabin cokali, ka jira ta haɗiye, ka goge mata baki, in ta kawar da kai ka ƙyale ta. Roba minti biyar take ci. Na bar wa mai karatu ya lissafa wace ce ta fi yi wa gida mai ƙarancin ma'aikata sauƙi.

Haka ma danna ƙirji don farfaɗo da zuciya. A fim mutum yana tari ya buɗe ido. A jikin tsohuwa mai shekara tamanin da tara da ƙasusuwanta suka zama kamar busasshen kara, haƙarƙari ne ke karyewa ƙarƙashin tafin hannunka, kana ji. 'Yan kaɗan ne ƙwarai suke dawowa, cikin masu dawowar ma da yawa kwana kaɗan suke ƙarawa a kan na'ura. In babu takardar da ta ce kada a yi, dole ma'aikaciya ta yi. Na taɓa yi sau ɗaya. Ba na son yin bayaninsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar nan ya kamata a yi ta a makonnin farko da shigowar mutum, yana zaune da shayinsa, yana iya cewa e ko a'a. Kuma ba sai an kawo kalmomi masu nauyi ba. "Baba, in jiki ya yi tsanani, ka fi son asibiti ko a kula da kai a nan? Wa kake so a kira? Akwai abin da kake tsoro? Akwai abin da ba ka so a yi maka?" Abin da na lura da shi shi ne, tsofaffin ba sa gudun wannan hira. Sun binne iyayensu, sun binne abokansu, wasu sun binne 'ya'yansu, sun daɗe da yin lissafinsu. 'Ya'yan ne ke toshe musu baki. Tsohuwa za ta fara, "In na tafi..." sai ɗa ya katse ta, "Haba Mama, ki daina irin wannan magana, kina nan tare da mu." Ita kuwa ta yi shiru don kada ta ɓata masa rai, ta haɗiye abin da ta shirya faɗa. Bayan wata takwas shi ne zai tsaya a gaban likita ana tambayarsa me take so, ya rasa amsa.

A nan dole in ja birki, domin wannan magana tawa tana da mugun gefe, kuma an riga an gan shi. A ƙarshen shekarun 1990 aka tsara wata hanyar kula da masu gargara a birnin Liverpool, da kyakkyawar niyya, don a kai irin kulawar da ake samu a gidajen jinyar masu cutar ajali zuwa asibitoci da gidajen tsofaffi. Da ta bazu, sai a wurare da dama ta koma takardar cike gurabe. Aka sa mutane a kanta iyalansu ba su sani ba, aka hana wasu ruwa suna nema. Kwamitin binciken da gwamnatin Birtaniya ta kafa, wanda Julia Neuberger ta jagoranta, ya ba da shawarar a daina amfani da ita a 2013, zuwa 2014 aka janye ta. Sai annobar korona ta zo ta tona abin da ya fi wannan. A Kanada, a zangon farko na annobar, kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda cutar ta kashe mazauna irin waɗannan gidaje ne. A yankin Madrid na Sifaniya aka fitar da ƙa'idoji a watan Maris na 2020 da suka hana kai wasu rukunin tsofaffi asibiti, fiye da 7,000 suka rasu a gidajen cikin wata biyu ba tare da an kai su ba. A Ingila hukumar da ke sa ido kan ingancin kulawa ta ba da rahoto a 2021 cewa an rubuta wa mutum fiye da 500 takardar kada a farfaɗo da su ba tare da an tattauna da su ko danginsu ba.

Saboda haka duk wanda ya ji ina cewa a bar tsoho a kan gadonsa, gabansa ya faɗi, yana da hujja. "A bar shi ya huta" jumla ce da mai tausayi yake faɗa, mai tsimin kuɗi ma ita yake faɗa, da murya iri ɗaya. Tsohuwar da ta faɗi ta karya ƙugu, asibiti ne wurinta, ko shekararta ɗari, domin gyaran karayar shi ne maganin ciwon. Mai fitsarin da ya toshe, mai zubar jini, mai ciwon da allura uku za su kawar, duk a kai su. Wanda ya ce shi a yi masa duk abin da za a iya har numfashin ƙarshe, a yi masa, ransa ne. Ma'aunin da na yarda da shi guda ne: shin an tambayi mai ran, shi kaɗai da sunansa? Motar ƙarfe uku da takardar kada a farfaɗo da aka buga wa hatimi ba a tattauna ba, laifinsu ɗaya, dukansu an yanke hukunci a kan mutum yana kwance ba a ce masa uffan ba.

Kuma takarda ita kaɗai ba ta riƙe kowa a gadonsa. In ka ce kada in kira mota, to ka ba ni abin da zan yi wa mutumin da ke gabana yana haki. Akwai wuraren da likita yake rubuta magungunan ko-ta-kwana tun kwanaki kafin a bukace su, a kulle su a kabad da sunan mai su: mofin don ciwo da sarƙewar numfashi, wani don firgita da fizge-fizge, wani don tashin zuciya, wani don rage majinar da ke kawo kakari. In haɗiya ta gagara, akwai 'yar na'ura da ke tura maganin a hankali ƙarƙashin fata dare da rana. Duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa a riƙa ba da maganin ciwo a kan lokaci kafin ciwon ya dawo, kada a jira sai mara lafiya ya roƙa. Ita ce kuma ta nace cewa ciwon mai mutuwa ya haɗa da na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi. A gidan da ta gina ta rasu a 2005. Holan kuwa tun 1990 ta mayar da likitancin gidajen tsofaffi fanni mai zaman kansa, likitan yana cikin gidan, ya san mazaunansa, ba baƙon da za a taso a waya ya ga fayil karo na farko ba.

Mutane suna tsoron mofin, suna cewa allurar sallama ce. In an auna shi daidai da ciwon, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, ba ya gaggauta ajali. Yana zuwa ne a ƙarshe don a ƙarshen ake bukatarsa, sai a ɗora masa laifin abin da cuta ta yi. Abin takaicin ma shi ne yawancin duniya ba ta da shi. Wani kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na irin wannan magani da ake rabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi duk shekara, kusan kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu.

Sai kuma abin da ba a sayowa a kantin magani, wato mutum a kan kujera. Aikin dare a gidaje da yawa mutum biyu ne ko uku a kan tsofaffi masu yawa. Kana riƙe da hannun mai gargara, ƙararrawa ta yi kuka a ɗaki na tara, wani ya jiƙa shimfiɗa, wata ta fito tana neman mijinta da ya rasu shekara ashirin. Ka saki hannun ka tafi, ka dawo ka tarar an gama. Wadda ake ba wannan amana ita ce mafi ƙarancin albashi a ginin, sau da yawa an koya mata yadda ake kashe gobara da yadda ake ɗaga kaya, amma ba wanda ya taɓa gaya mata yadda mutuwa take kama. Ba ta san yawan barci da sanyin ƙafafu da shuɗin gwiwoyi alamu ne ba. Ba ta san kakarin nan ya fi damun mai saurare fiye da mai yin sa ba, kuma juya shi gefe yana rage shi. To yaya za ta kwantar wa iyali hankali? Gidan da yake da gaske zai sa a kasafinsa cewa duk daren da wani ke kan hanya, za a ƙara mutum ɗaya wanda aikinsa zama ne kawai. In an ce babu kuɗi, a duba nawa motar da gadon asibitin suke ci.

Na ga yadda abin yake in an shirya. Wata tsohuwa ce, ta faɗi abin da take so tun tana tafiya da sandarta, babbar nas ta rubuta, ɗanta ya sa hannu yana share ido. Da lokacin ya matso aka kira shi da rana, ba a jira dare ba. Aka shigo masa da katifa. Na nuna masa yadda zai tsoma ɗan soso a ruwa ya jiƙa mata leɓe, ya shafa mata mai kada su tsage. Ya ce, "Anti, tana ji na kuwa?" Na ce, "Yi mata magana, kunne shi ne ke jimawa." Ya kwana yana yi mata addu'a, yana ba ta labarin jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya faɗi jarrabawa. Da asuba ta cika. Ba a yi gudu ba, ba a yi ihu ba, ba a kira kowa ba sai bayan ya zauna da ita iya son ransa.

Abin da ya biyo baya ne ban yafe wa gidan ba. Aka jira sai da aka tara sauran tsofaffin a ɗakin cin abinci, aka rufe ƙofofi, aka fitar da ita ta ƙofar baya, inda ake shigo da kayan wanki. Wai kada hankalinsu ya tashi. Kafin mako ya zagayo an kwashe kayanta a leda, an yi wa ɗakin fenti, an cire sunanta daga ƙofa, domin akwai mai jiran gadon. Ƙawarta da suka yi shekara uku suna cin abinci a teburi ɗaya ta dubi kujerar kwana biyu ba ta ce komai ba. A na uku, ina ɗaura mata tawul a wuya, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, na san ta rasu, ni ba yarinya ba ce. Ta wace ƙofa kuka fitar da ita?" Na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki cokalinta, ta ce in je in ɗauko fayil ɗinta da biro.